Zan bar shagon yayana in shiga fim ko ba kuɗi: amsa ga wani matashi

Tambaya: Malam, ni saurayi ne ɗan shekara 26, ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari, kuma ina samun rufin asiri daidai gwargwado. Amma tun ina sakandare wasan kwaikwayo ne a raina. Kwanan baya na yi fitowa uku a wani fim mai dogon zango da ake sakawa a YouTube. Ba a ba ni ko sisi ba, amma daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa a kasuwa ba. Ina so in bar shagon in rungumi fim gaba ɗaya. Na gaya wa mutanen gida cewa ni ba kuɗi nake nema ba, gamsuwar raina nake nema. Baba ya ce ban san duniya ba. Shin kuskure ne mutum ya fifita abin da ransa yake so a kan kuɗi?

Amsa: Ƙanena, ba kuskure ba ne. Sai dai Baba ma bai faɗi ƙarya ba, kuma da zan zauna da ku biyun a zaure ɗaya, na tabbata kafin shayi ya huce za ku gane cewa kowannenku zancen wani abu daban yake yi. Kai kana maganar abin da zai riƙe ka a cikin sana'ar, shi kuma yana maganar abin da zai riƙe ka a raye har ka daɗe a cikinta.

Daɗin da ka ce ka ji, na san shi. Ni na fara jin sa ne a ɗakin taron makarantarmu, ina ɗan aji huɗu, an shafa mini alli a gemun da ba ni da shi, na fito a matsayin tsohon da 'ya'yansa suka sayar masa da gona. Ɗalibai sun yi ta dariya tun da na shigo ina dogara sanda, har zuwa inda na zauna a ƙasa na fara lissafa sunayen bishiyoyin da ke gonar. Sai wurin ya yi tsit. Wannan shirun, na yara kusan ɗari uku da suka saba yi wa kowa ihu, shi ne ya kama ni, kuma yau fiye da shekara talatin ke nan bai sake ni ba. Na yi wasan daɓe, na yi na rediyo, na yi fitowa a fina-finan kaset da na faifai, na kuma horar da yara da dama. Duk tsawon wannan lokaci malamin makaranta ne ni, da alli nake cin abinci. Ka riƙe wannan, don nan amsar taka za ta dawo.

Mutanen da suka kafa wannan harka a ƙasar Hausa ba kuɗi suka tarar a cikinta ba. Kafin a san wani abu Kannywood, ƙungiyoyin dirama ne a unguwanni da makarantu, sai gidajen rediyo da talabijin irin su NTA Kaduna da CTV 67 ta Kano, wadda yanzu ake kira ARTV. A nan aka san su Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero da Karkuzu na Bodara. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar fina-finan Hausa na bidiyo, ita ma daga irin wannan tushe ta fito. A ƙungiyoyin da na sani, ɗan wasa shi yake biyan kuɗin mako. Da wannan taro-sisi ake hayar benci, a sayi man janareto, a ɗinka kayan wasa. Wato mu muke biya don a bar mu mu yi wasa. Idan ana zancen fifita sha'awa a kan kuɗi, to ban san wanda zai nuna wa waɗancan mutane yatsa ba.

Amma akwai abin da masu ba da wannan tarihi suke yawan tsallakewa. Mafi yawan 'yan diramar wancan zamani suna da aikin yi. Wani akawu ne a sakatariya, wani malamin firamare, wani tela, wani ma'aikacin gidan rediyon ne ma. Shi kansa Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a watan Nuwamban 2023, ɗan gidan sarauta ne kuma tsohon soja, ba daga zaman kashe wando ya faɗo dirama ba. Shi ya sa rihazal ɗinmu, wato gwajin wasa, sai bayan la'asar, lokacin da kowa ya tashi daga wurin nemansa. Kalmar nan ta "ba don kuɗi muke yi ba" gaskiya ce, amma daga bakin da ya ci tuwon rana take fitowa.

Kafin mu zo kan shago, bari in yi maka wata tambaya da nake yi wa duk yaron da ya zo wurina da irin zancenka. Wasan kake so, ko a gan ka kake so? Kada ka yi saurin amsawa, domin abubuwan biyu a farko kamarsu ɗaya, kamar ɗanyen gero da ciyawa a makon farko na damina. Fitowa uku amarci ne. Ba ka kai ga zaman gidan ba tukuna. Zaman gidan shi ne a ce maka ka zo lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ƙarfe takwas na safe, ka zo da kayanka na sawa kala uku da ka aro, ka zauna a gindin darbejiya har la'asar sakaliya ana jiran babban jarumi ya iso daga wani aikin. In ya zo a ɗauki nasa a gurguje, rana ta faɗi, a ce kai ka dawo gobe. Goben ka dawo, a maimaita layi ɗaya sau goma saboda mai babur ya wuce ko jaririn maƙwabta ya tsala kuka. Bayan wata biyu fim ya fito, ka tara abokai ku zauna kallo, ka tarar edita ya yanke fitowar taka gaba ɗaya don shirin ya yi tsawo. Wanda ya koma gida a irin wannan rana yana tunanin yadda zai gyara faɗin layin nan a karo na gaba, shi ne mai son wasa. Wanda ya koma yana ƙunar ran cewa ba a gan shi ba, wani abu daban yake nema.

Hanya mafi sauƙi ta gwada kanka ita ce wasan rediyo. Babu mai ganin fuskarka, babu fosta, babu mai tsayar da kai a titi a yi hoto. Murya ce kawai da numfashi. In ka yi wata shida kana yin sa kana jin irin daɗin nan da ka ba ni labari, to na yarda da kai.

Na tsaya a kan wannan ne domin yin suna ma wani nau'in biya ne. Matashin da ya ce ba ya son kuɗi amma yana son a san shi, har yanzu lada yake nema, sai dai ya zaɓi ladan da ya fi kowanne wahalar riƙewa. Ban ga talauci mai ciwo irin na sanannen mutum ba. Talakan da ba a sani ba zai hau a-daidaita-sahu ya biya kuɗinsa ya sauka, ba ruwan kowa. Ɗan fim ɗin da aka sani kuwa, in ya hau, sai a yi ta zunɗensa ana cewa ashe wane ba shi da mota. Dangi suna ganin sa a talabijin cikin babbar riga yana fitowa daga gidan bene, ba su san gidan na haya ba ne na yini ɗaya, rigar kuma ta mai kula da sutura ce. Sai buƙatu su yi ta zuwa: haihuwa, asibiti, kuɗin makaranta. In ya ce babu a ce ya yi kuɗi ya manta da 'yan uwa. Ga biki duk mako na abokan sana'a, kowanne da anko, kowanne sai an yi liƙi a gaban kamara. Na san yara masu basira da bashi ya kore su daga garin nan, ba don caca ko shaye-shaye ba, sai don ƙoƙarin yin rayuwar da ta dace da fuskar da jama'a suka sani.

Yanzu bari in gaya maka yadda kuɗi yake tafiya a harkar, don ka san abin da kake cewa ka yafe. A zamanin kaset da faifan CD, zuciyar kasuwar tana Ƙofar Wambai. Furodusa ya gama fim, ya buga kwali, 'yan kasuwa su saya su kwafa su rarraba har Nijar da Kamaru da Gana. Kuɗi ya shigo a lokacin, ba ƙarya, kuma na ga mutanen da suka sayar da shaguna da filaye suka zuba a fim. Sai abubuwa suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya. A 2007 aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon wata shida, wanda ba shi da wata sana'a a lokacin ya ga tasku, wasu suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka janye. Sannan satar fasaha da masu tura fim a waya suka ƙarasa kashe kasuwar faifai. Mutum zai biya kuɗi kaɗan a loda masa fina-finai goma a memori, wa zai sayi faifai? Abin da ya tallafi mutane daga baya shi ne tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma fina-finai masu dogon zango a YouTube, irin wanda ka fito a ciki.

To a YouTube, mai tasha ake biya, ba ɗan wasa ba. Ita ma tashar ba ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma abin da talla take biya a kan masu kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar abin da take biya a kan masu kallo daga Amurka ko Ingila ba. Ɗan wasa kuwa sau ɗaya ake sallamarsa. Ko fim ya shekara biyar ana kallo, ba abin da zai sake shigowa aljihunsa, kuma galibi babu wata takarda da aka sa wa hannu, magana ce ta baka. Manyan jaruman da kake gani cikin motoci, in ka bincika za ka tarar yawancin abin hannunsu daga tallan kamfanoni ne, ko shirya nasu fina-finan, ko kasuwanci, ko hulɗa da 'yan siyasa. Kuɗin fitowa kaɗai bai cika gina gida ba. Za ka iya tuna ƙurar da ta tashi a 2022 lokacin da Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana fitowa a matsayin uwa, ta gaya wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ake ba ta a fim, har ta tsufa ba ta mallaki muhalli ba. Wasu masu shirya fim sun fito sun musanta, sun faɗi abin da suka ce sun biya ta. Ni ba alƙalanci zan yi a tsakaninsu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko da lissafin wane ne daidai, sana'a ce da ba ta da fansho, kuma mun sha ganin dattawan da suka cika gidajenmu da dariya ana yawo da hotunansu a gadon asibiti ana neman taimako.

Ban faɗi wannan don in zagi furodusoshi ba. Da yawansu su ma jarinsu ne yake narkewa, wani ma bashi ya ci ya yi fim ɗin. Rijiyar ce ba ta da zurfi, masu guga kuma sun yi yawa.

Akwai kuma haɗari a cikin ita kanta kalmar da kake alfahari da ita. Ka faɗe ta a gida, ka faɗe ta a zuciyarka, amma kada ka kuskura ka faɗe ta a lokeshan. Ranar da aka ji ka ce kai ba don kuɗi kake yi ba, ka zama na kowa. Za a riƙa kiranka, har ka ɗauka ƙwarewarka ce ta jawo, alhali arha ce. Ni na faɗa wannan rami da ƙafafuna. Akwai wani mai shirya fim da na yi wa aiki uku a jere ina fitowa a matsayin uba. Duk lokacin sallama sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam ai kai na gida ne." Ni kuma ina jin kunyar in buɗe baki, ga shi ina da albashi, ga shi ina jin daɗin aikin, sai in yi murmushi in hau babur ɗina. Ban farga ba sai wata rana da wani dattijo, wanda shi ne yake yin irin wannan fitowar kafin ni, ya tare ni bayan sallar azahar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kai kana da albashi, ni kuwa wannan ce gonata. Tun da ka fara yi musu kyauta ba a sake kira na ba." Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina can ina yaba wa kaina cewa na fi ƙarfin kwaɗayi, ashe tuwon wani nake turewa da ƙafa.

Tun daga ranar nake tambaya kafin in sa kaya: nawa ne, kuma yaushe? Ba na tsawwalawa, amma ba na barin maganar a duhu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ware wanda yake jin daɗin aikinsa ba. Likitan da yake son aikinsa ana biyansa, haka maginin da yake alfahari da gininsa. Har yanzu ina yin aikin kyauta, amma ni nake zaɓa: ga ƙungiyarmu, ga ɗaliban da suke haɗa fim ɗin kammala karatu, ga yaron da na san da kuɗin aljihunsa yake fafutuka. Kyautar da ka bayar da idonka a buɗe daban, haƙƙin da aka danne maka saboda an ga kana jin kunya daban.

Sai mu dawo kan shago. Kai kana kallon sa a matsayin abin da ya tsare maka hanya. Ni kuma da na ga jiya na ga yau, ina gaya maka shi ne mai gadin gamsuwar da kake nema. Daɗin wannan sana'a yana tattare ne da ikon cewa a'a. A kawo maka labarin da ba shi da kai ba shi da gindi, ka ce a'a. A ce ka yi fitowar da za ka ji kunyar mahaifiyarka ta gani, ka ce a'a. A kira ka gangamin wani ɗan siyasar da ba ka yarda da shi ba don ka yi masa barkwanci a kan dandamali, ka ce a'a. Wanda kuɗin cefanen gidansa yake jiran sallamar yau ba shi da wannan a'a ɗin. Duk abin da aka miƙo zai karɓa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ga yaran da suka shigo da wuta a idonsu, suna zancen fasaha da isar da saƙo, suka saki sana'o'insu don su ba fim dukkan lokacinsu. Bayan shekara uku sai ka gan su suna fitowa a shirme iri-iri, ko suna zage-zage da habaici a TikTok don a kalla, sun tsani aikin da suka bar komai dominsa. Yunwa ce ta fara cinye zaɓinsu, daga nan ta cinye daɗin. Abin mamaki, wanda ya bar shago don kada kuɗi ya mallake shi, shi ne ya wayi gari ba ya tunanin komai sai kuɗi.

Na san za ka iya kawo mini hadisin da ya ce wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Haka ne, kuma ni ma da shi nake rayuwa. Amma akwai wani hadisin da ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa take wuyansa. Yau kai kaɗai ne, in ka kwana da gari da ƙuli ba wanda ya sani. Nan da shekara uku ko huɗu akwai 'yar mutane a ɗakinka, wataƙila da goyo. Kai kana da damar ka zaɓar wa kanka ƙaramin samu saboda abin da kake so, kuma ina girmama mai yin haka. Ita da jaririn ba su ji shirun 'yan kallo ba, ba su da rabo a cikin wannan daɗin, don haka ba adalci ba ne a ce su ne za su biya kuɗinsa.

Kuma wai ma, wa ya gaya maka Kantin Kwari ba makarantar wasa ba ce? Da a ce ni nake da kujerarka, da littafi zan ajiye a ƙarƙashin kanta. A yini ɗaya mutum nawa ne suke wucewa ta gabanka? Ga dillalin da yake rantsuwa yana kallon gefe, ga ɗan dakon da ya san nauyin dila tun kafin ya taɓa, ga Alhajin da ya karye amma har yanzu yana sa hular da ta fi ta kowa tsada, ga uwar amarya da ta zo haɗa lefe da kuɗin da ba za su kai ba, tana taya atamfa tana murmushin ƙarfin hali. Ga baƙi daga Damagaram da Maraɗi da Chadi da Kamaru, kowa da irin Hausarsa, ga Basakkwace ga Bakatsine. Babbar cutar 'yan wasanmu na yanzu ita ce fim suke kwaikwayo, ba mutane ba. Yaro ya kalli yadda wani jarumi yake fushi, shi ma ya yi haka, wani ya kwaikwaye shi, har aka wayi gari duk attajiran fim ɗinmu tafiyarsu ɗaya, duk iyaye mata kukansu ɗaya. Wanda yake zaune a cikin mutane yana kallon yadda mai bashi yake gaisuwa da yadda mai bin bashi yake amsawa, yana da abin da mazauna ofisoshin 'yan fim na Zoo Road ba su da shi. In ka bar kasuwa ka koma zaman jiran kira a bakin ofis, wannan taska za ka bari.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka zauna da Yaya ku yi magana ta manya. Fina-finai masu dogon zango a dunƙule ake ɗaukar su, kwana kaɗan a jere sannan a huta, don haka ana iya tsara ranakun da za ka fita da wanda zai riƙe maka shago, ko da za a rage maka wani abu a kan ranakun. Ka yi rajista da hukumar tace fina-finai ta jihar Kano da ƙungiyar 'yan wasa, don ka shiga ta ƙofa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saka ka a fim, ka riƙe kuɗinka. Sannan ka koyi wani aiki na bayan kamara, ko tace hoto, ko ɗaukar sauti, ko kwantiniti, wato lura da daidaiton sutura da kayan wasa daga fitowa zuwa fitowa, ko rubutun labari. Masu waɗannan ayyuka sun fi ƙananan 'yan wasa samun aiki a kai a kai, kuma ɗan wasan da ya taɓa zama kusa da edita yakan gane dalilin da ya sa ake yanke mutum. In kana da halin karatu, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, akwai kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos. Ba dole ba ne, da yawan gwanayenmu ba su bi ta can ba, amma gamsuwa tana ƙaruwa ne da ƙwarewa, kuma wanda ya tsaya a inda yake yakan gaji da kansa.

Ka kuma sayi ƙaramin littafi ka raba kowane shafi gida biyu. A ɓangare ɗaya ka rubuta abin da ka kashe da abin da aka ba ka a kowane aiki, har kuɗin mota da na wanki da guga. A ɗaya ɓangaren ka rubuta yadda ka koma gida a ranar, da farin ciki ko da ƙunci, da dalili. Ka yi haka shekara guda cur, har da watan azumi da aiki yake ja baya. In shekara ta zagayo, littafin zai gaya maka abin da ni da Baba ba za mu iya gaya maka ba. Idan ka ga kuɗin fim shi kaɗai ya riƙe ka wata goma sha biyu ba tare da ka taɓa na shago ba, kuma shafin farin ciki ya rinjayi na ƙunci, to a lokacin ne zancen barin shago ya zama zance. Kafin nan sakin reshe ne kama ganye.

Game da Baba, kada ka sake kai masa kalmar gamsuwa. Mutumin da ya yi shekaru yana fita tun asuba don ku ci ku yi karatu, in ka ce masa kai ba kuɗi kake nema ba, abin da kunnensa yake ji shi ne wahalarsa ba ta da daraja a idonka. Kuma ina kyautata zaton ba kuɗin ne kaɗai damuwarsa ba. Ya san yadda ake kallon ɗan fim a garin nan, ya san akwai gidajen da in an je neman aure aka ji sana'ar sai a fara jan ƙafa, yana kuma tsoron irin abokan da za ka yi. Waɗannan ba tsoron banza ba ne. Ka nemi kawu ko baffan da yake jin maganarsa ku je tare. Ka gaya masa ba za ka bar shago ba, ka gaya masa irin fitowar da ba za ka taɓa yi ba ko nawa za a ba ka, ka kuma ba shi dama in ya ga ka kauce ya tsawatar. Sannan ka cika alƙawarin, ka riƙa buɗe shago a kan lokaci fiye da da, don kada a ce tun da ya fara fim ya lalace. Iyaye ba su cika yarda da bayani ba, abin da suka gani da ido suke yarda da shi, kuma yana iya ɗaukar shekara biyu kafin ka ji ya daina kiran abin shashanci.

Fitowa ukun nan kuma da ka yi, ka koma wurin mai fim ɗin, cikin ladabi, ba a gaban mutane ba, ka tambaye shi sallamarka. In ya ce babu, ka ji dalilinsa, ku kuma yi magana a kan na gaba tun kafin a kunna kamara. In ya ba ka, ko dubu biyu ce, kada ka raina. Ka biya ta wurin mai lemo da ayaba ka kai wa Baba, ka ce masa daga kuɗin wasan ne.